Sabon fim ya fito: a kalla ko a bari? Tambayoyi da amsoshi ga masu kallo a Katsina da Daura

Daga majalisun Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa har shagunan masu tura fim a Daura, tambayoyin kusan iri ɗaya ne: me ya fito, yana da kyau, ko a jira wanda ke tafe? Sunayen fina-finai kan tsufa cikin wata guda, shi ya sa muka fi ba da ƙarfi ga yadda mutum zai auna fim da kansa kafin ya zuba masa data da lokaci.

1. Idan aka ce fim "ya cancanci kallo", me ake aunawa?

Abu uku fim ke ci maka: lokaci, kuɗi, da natsuwar waɗanda ke zaune tare da kai. Fim ɗin Indiya kan kai awa biyu da rabi zuwa uku. Fim ɗin Hausa mai dogon zango da ya kai kashi 50, kowane kashi na minti 50, ya haura awa 40, wato aikin mako guda cur na ma'aikacin ofis. Saboda haka ma'aunin da za ka ɗora wa fim ɗin dare ɗaya daban yake da na wanda zai riƙe ka shekara. Fim mai matsakaicin kyau na awa biyu ba asara ba ne. Mai dogon zango kuwa, in matsakaici ne, asara ce babba.

2. Sunan wa zan fara dubawa a jikin fosta?

Darakta da marubuci. Yawancinmu fuskar jarumi muke bi, alhali jarumi ɗaya kan fito a fina-finai da yawa cikin shekara, wasu don kuɗi, wasu don kunyar wanda ya kira shi. Darakta kuwa aikinsa kan yi kama da juna. In fina-finansa biyu na baya sauti ya fita tas, labari bai watse ba, to na uku ma da wuya ya ba ka kunya.

Ga yadda za ka yi: nemo ayyuka biyu na ƙarshe na daraktan, ba wanda ya yi suna da shi shekara goma da suka wuce ba. Duba yadda suka ƙare, don a ƙarshen labari ake gane marubucin da ya san inda ya dosa. Sannan ka lura ko mutum ɗaya ne furodusa, shi ne marubuci, shi ne darakta, kuma shi ne jarumi. Akwai masu iya haɗa waɗannan, amma kaɗan ne. Galibi hakan na nufin babu wanda ya isa ya ce masa "wannan fitowar ta yi tsawo, a yanke ta".

3. Tirela ta burge ni ƙwarai. Ba ta isa shaida ba?

Ba ta isa ba. Tirela talla ce: minti biyu da aka tsinto daga mafi kyawun minti ɗari da ashirin, aka ɗora masa kiɗa mai tayar da tsikar jiki. Abin da za ka iya karanta a cikinta shi ne ingancin hoto, sutura, wuraren da aka yi ɗauka, da tsabtar murya. Ba za ta gaya maka ko labarin ya haɗu ba. Idan tirela ta nuna maka farko, tsakiya da kusan ƙarshen labari, masu fim ɗin ba su da sauran abin ɓoyewa. Idan kuma duk faɗa ne da waƙa da motoci, babu zance ko ɗaya da ya tsaya maka a rai, ka yi zargin rubutun.

Akwai kuma tirelar bogi. Wasu tashoshin YouTube na harhaɗa guntayen tsofaffin fina-finai da hotunan da kwamfuta ta ƙirƙira, su sa musu "kashi na biyu" da shekarar da muke ciki. Duba sunan tashar: in ba ta kamfanin da ya yi fim ɗin ba ce, kada ka yaɗa labarin a majalisa.

4. Na riga na fara kallo. Yaushe zan yanke shawarar ci gaba ko tashi?

Ba shi minti 15 in fim ɗin dare ɗaya ne, kashi biyu in mai dogon zango ne. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A cikin wannan lokaci ya kamata ka san wane ne labarin ke kansa, me yake so, kuma me ya tare masa hanya. In ka kasa faɗin waɗannan uku a jimla ɗaya, ba laifinka ba ne.

Kunne ya fi ido saurin kama fim mara inganci. Saurari ko murya na hawa da sauka tsakanin mutum biyu da ke magana a ɗaki ɗaya, ko ana jin ƙarar janareta da kukan akuya a falon da aka ce na attajiri ne a Abuja, ko kiɗa ya danne zance. Waɗannan na faruwa ne idan an dogara da makirufon kyamara, ko an yi gaggawar haɗa fim ba a zauna kan sauti ba. Bayan sauti sai ɗorewar hoto: hula ta canza a tsakiyar zance, shayi ya ƙaru a kofi, rana ta koma dare kafin a gama gaisuwa. Ɗaya ko biyu ana yafewa. In sun yi yawa a farkon fim, inda aka fi kashe ƙarfi, to gaba sai abin da ya ƙaru.

Alama ta ƙarshe ita ce cike gurbi: a nuna mota ta fito daga gida, mai gadi ya buɗe ƙofa, ya rufe, ta hau titi, ta isa, a sake buɗe wata ƙofar. Minti uku sun tafi ba a ce komai ba.

5. Sabon fim mai dogon zango ya fara. In bi shi mako-mako ko in jira?

Shawararmu a jira ya kai kashi biyar ko shida. Kashi na farko shi ake kashe wa kuɗi don ya ja jama'a, ainihin fuskar shirin sai an ɗan yi nisa take bayyana. Wanda ke son hirar majalisa ta same shi a ciki, to ya bi, amma ya sani cinikin biri a sama ya yi. Idan kuma masu shirin suna da tarihin barin labari a rataye, jira zango ya cika tukuna. Dalilan rataye labari suna cikin amsa ta 6.

6. Me ya sa shiri kan fara da kyau, sai ya koma jan rai ko ya tsaya cak?

Tushen abin kuɗi ne. Da kasuwar faifan CD ta mutu, masu shirya fina-finan Hausa suka koma YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. A YouTube kuɗi na zuwa ne daga talla, kuma bidiyon da ya kai minti 8 ana iya saka masa talla a tsakiya. Shirin da ya karɓu ya zama saniyar tatsa, ƙare shi na nufin rufe hanyar samu. Sai labarin da aka tsara wa kashi 26 a ja shi zuwa 80: a ƙirƙiro sabuwar kishiya, wani ya yi haɗari ya manta komai, wanda aka binne ya dawo. Ga tallan turare, filaye da magungunan gargajiya da ake cusawa cikin zancen jarumai, ga maimaicin abin da ya faru a makon jiya. Ka cire waɗannan daga kashi na minti 50, ka ga abin da ya rage.

Na biyu, wasu shirye-shiryen ana ɗaukarsu ne ana rubutawa. Jaruma ta yi aure ko an saɓa kan kuɗi, sai a sauya fuska ko a kashe ta a labari ba shiri.

Na uku, hukuma. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22 a watan Mayun 2025 bisa cewa ba a kai mata su ta tace ba kafin sakinsu. Ikonta a Kano yake, amma da yake mafi yawan kamfanonin can suke, mai kallo a Katsina ma sai ya ji a jikinsa. Haka nan shirye-shirye da dama kan tafi hutu da azumi, wannan kam ba alamar matsala ba ce.

7. Yawan masu kallo a YouTube na nuna fim ya yi kyau?

Yana nuna an danna, bai nuna an ji daɗi ba. Amfanin lambar na cikin kwatantawa. Buɗe jerin shirin, ka dubi kashi na 1 da na 10. Misali, in na farko ya samu miliyan ɗaya, na goma ya tsaya a dubu ɗari biyu, mutum takwas cikin goma sun gudu, kuma suna da dalili. In lambar ta tsaya ko tana hawa, shirin na riƙe mutane. Ka tuna kashin da ya fito jiya bai gama tara masu kallo ba, kada ka auna da shi.

8. Makin IMDb da na Rotten Tomatoes fa, wanne zan yarda da shi?

Dukansu shafukan intanet ne masu ba fina-finai maki, amma ba abu ɗaya suke aunawa ba. A IMDb 'yan kallo ne ke ba da maki daga 1 zuwa 10. Kafin ka dubi makin, dubi yawan waɗanda suka bayar: 9 daga mutum 300 bai kai 7.5 daga mutum dubu hamsin nauyi ba. A makon farko magoya bayan jarumi ne ke rububin ba da 10, masu adawa da shi su ba da 1, abin ya fi ƙamari a fina-finan Indiya. Bari mako biyu ko uku su wuce, ƙura ta lafa.

A Rotten Tomatoes lambar kaso ce ta masu sharhin da suka ce fim ɗin ya yi. Kashi 90 na nufin tara cikin goma sun yaba, ko da yabon na "ba laifi" ne. Daga kashi 60 cikin ɗari zuwa sama suke sa wa fim jan tumatir, alamar cewa ya karɓu. Akwai kuma makin 'yan kallo a gefe. In biyun sun yi nisa da juna, yawanci fim ne mai tafiyar hawainiya da masana ke so, ko mai faɗa da barkwanci da jama'a ke so. Kai ka san ɓangarenka.

Fina-finan Hausa kaɗan ne ke da maki mai ma'ana a waɗannan shafuka. A nan abin dogaro shi ne mutum biyu ko uku da ka san ɗanɗanonsu ya yi daidai da naka. Kada ka tambaye su "ya yi kyau?", tambaye su "ka kai ƙarshe?"

9. Fassarar Indiya-Hausa: yaya zan bambance mai kyau da ta banza?

Saurari abu uku. Na farko, muryoyi: mutane daban-daban ne, mata na yin muryar mata, ko mutum ɗaya ne ke sirantar da murya yana kaurarawa? Na biyu, sautin baya: a fassara mai kyau ana jin takun ƙafa, ruwan sama da kiɗa a ƙarƙashin zance, a mara kyau duk suna ɗaukewa da zarar mai fassara ya buɗe baki. Na uku, barkwanci. Ɗan gishiri na ƙara armashi, shi ya sa ma mutane ke son fassarar, amma in bos na kashe mutane mai fassara na zuba zolaya, labarin ya mutu.

Akwai wani tarko da ke kama mutane da yawa. Fina-finan kudancin Indiya da harsunan Telugu, Tamil ko Malayalam ake yinsu, sai a juya su zuwa Hindi, a sauya musu suna, daga nan a juyo su Hausa da wani sunan kuma. A wannan tafiya fim ɗin da ya shekara bakwai kan dawo da lambar bana a goshinsa. Kafin a tura maka, nemi sunan jarumin a intanet, ka duba jerin fina-finansa da shekarunsu. Sau da yawa za ka tarar ka taɓa ganinsa da wani suna.

10. Ina da yara a gida. Ta yaya zan san fim ya dace a kunna a falo?

Hajiya ko Alhaji, kada a dogara da fosta, kuma kada a ɗauka duk zanen katun na yara ne. A duba alamar shekaru. Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana amfani da G (na kowa), PG (sai da kulawar iyaye), sai 12, 12A, 15 da 18 masu nuna shekarun mai kallo. A Amurka alamomin su ne G, PG, PG-13, R da NC-17. A Indiya U na kowa ne, UA sai da kulawar iyaye, A na manya zalla. Sai dai ma'auninsu ba namu ba ne: abin da aka sa wa PG-13 na iya ƙunsar sumba da shigar da ba za ka so ta bayyana gaban surukarka ba. A IMDb akwai sashen da ake kira Parents Guide, inda ake zayyana tsiraici, zagi, jini da shaye-shaye ɗaya bayan ɗaya. Karanta shi bai fi minti biyu ba.

Abin da aka saki kai tsaye a YouTube ko aka turo a memori galibi ba ya ɗauke da wata alama, har da fassarar Hausa. A nan babba ya fara dubawa shi kaɗai, ya tsallaka zuwa wurare huɗu ko biyar, musamman waƙoƙi.

11. Mai turi ya ce sabon fim ɗin Amurka da ya fito jiya yana hannunsa. Gaskiya ne?

Yana hannunsa, amma kwafin da aka ɗauka da kyamara a cikin sinima ne. Za ka gane shi da CAM, HDCAM ko TS a sunan fayil ɗin. Hoto a karkace, duhu ya cinye fitowar dare, ana jin tari da dariyar mutane, ga tallan caca na yawo a kan allo. Fim ɗin da aka kashe wa dukiya don hoto da sauti, in ka gan shi a haka ka ɓata wa kanka shi, don karo na biyu ka riga ka san labarin. Manyan fina-finan Amurka da na Indiya kan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kafin su sauka a manhajojin kallo da hoto mai tsabta. Jira ya fi. Game da halaccin turin kansa, duba amsa ta 16.

12. Data nawa fim ke ci?

Ya danganta da girman hoton da ka zaɓa. Manhajar kallo ta Netflix na ƙiyasta kusan 0.3GB a awa a ƙaramin mataki, 0.7GB a matsakaici, har zuwa 3GB a hoto mai inganci na HD. A YouTube, awa guda a 360p kan ci wajen 300MB, a 480p wajen rabin giga, a 720p giga ɗaya ko fiye. A fuskar waya 480p ya wadatar, ido ba zai ga wani babban bambanci ba. Sai za a haska a babbar talabijin ne 720p ke da amfani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin YouTube ya zaɓa da kansa. Da sabis ya yi ƙarfi sai ya haura sama, data ta zube ba ka sani ba. Shiga saitin bidiyon ka kafe shi a 360p ko 480p. Inda sabis ke yankewa, kamar ƙauyukan da ke tsakanin Daura da Mai'adua ko Zango, sauke fim ɗin tukuna a cikin manhajar, da garaɓasar dare in layinka na bayarwa, sannan ka kalla a natse.

13. Fina-finan da ke tafe fa, ana iya sanin wanda zai yi kyau?

Hasashe kawai ake yi, amma akwai alamu. Lokacin fitarwa na magana. Kamfani kan ajiye abin da ya fi yarda da shi don lokacin kasuwa: a Amurka daga Mayu zuwa Yuli da kuma Disamba, masu neman kyaututtuka kuma daga Oktoba zuwa ƙarshen shekara. A Indiya bikin Diwali da Sallah, a Legas Disamba, a Kannywood ƙaramar Sallah da babba. Watan Janairu a Amurka an san shi da zama wurin zubar da fina-finan da kamfani bai sa musu rai ba.

Alamun da ke sa a yi taka-tsantsan: an ɗage ranar fitowa sau biyu ko uku ba bayani, an sauya darakta a tsakiyar aiki, ko duk tallan ya tattara kan yawan kuɗin da aka kashe da yawan jaruman da aka tara. Sauran ma'aunin shi ne na amsa ta 2.

14. Kashi na biyu na fim ɗin da na so, da wanda aka "wanke" daga na Indiya, sun cancanci lokaci?

Tambayi kanka ko na farko ya bar labarin da bai ƙare ba. In ya rufe komai, na biyu kasuwa ce ta kira shi. Duba kuma ko marubuci da daraktan farko ne suka dawo. Wankiya kuwa ba ta cika zama daidai ba in an kwafo har da abin da babu shi a al'adarmu, sai ka ga Bahaushe na abin da ko a mafarki ba zai yi a gaban mahaifinsa ba. In an ɗauko ƙashin labari aka sa masa tsokar gida, ana iya samun abin kallo.

15. An ce fim "ya je Oscar". Wannan ya isa hujja?

A bambance abu biyu. A Oscar, babbar gasar fina-finai ta Amurka, kowace ƙasa na da damar aika fim ɗaya a shekara zuwa rukunin fina-finan da ba na Turanci ba. Aikawa mataki ne na farko, daga nan a tace zuwa 15, sannan 5. Mai Martaba, fim ɗin Hausa na 2024 wanda Prince Daniel ya ba da umarni kuma aka ɗauka a Daura, shi Najeriya ta aika gasar karo na 97, bai shiga cikin 15 ɗin ba. Kafinsa an aika The Milkmaid na 2020, mai Hausa da Fulatanci. Zaɓen da kwamitin ƙasa ya yi shaida ce cewa an kula da hoto, sauti da sutura. Ba alkawari ba ne cewa za ka samu waƙa da rawa ko saurin da ka saba da shi, don irin waɗannan fina-finai a hankali suke tafiya. Ga mutumin Daura dai akwai ƙarin riba: ganin ƙasar da ya sani ta fito a hoto mai inganci.

16. In biya a manhaja, in tafi sinima a Kano, ko in karɓa wurin mai turi?

Fim ɗin da mai shi ya saka a tasharsa ta YouTube, kalle shi a can. Kyauta ne a gare ka, shi kuma yana samun kuɗin talla, kuma wannan kuɗin ne ke biyan zango na gaba. In aka sauke aka tura maka a memori, ko sisi ba ya isa gare shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta haramta yaɗa aikin wani ba izini, har ta intanet. Manhajar biya kuwa, kafin ka saka kuɗin wata, lissafa fina-finai uku da kake son gani a cikinta. In ba su kai uku ba, bari sai sun taru, kuma ka kashe sabuntawa ta kai tsaye don kada a ci gaba da cirar kuɗi daga katinka.

Sinima ta dace da fim ɗin da aka gina kan girman hoto da sauti: yaƙi, tarihi, hawan dawaki. Labarin soyayya da rikicin cikin gida ba ya rasa komai a waya. Daga Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne, don haka kuɗin mota zuwa da dawowa zai iya fin na tikiti. Gara a haɗa da wata hidimar da ta kai ka Kano. Tabbatar da jadawalin ranar kafin ka hau mota, domin fim ɗin da bai ja mutane ba ana iya rage masa lokuta ko a sauke shi bayan mako ɗaya, sannan ka zaɓi nunin rana yadda za ka kamo hanyar gida da sauran haske.